Yadda za ka ci darasin cimar kare da kyanwa a jami'a ba tare da ka je ratarapaj ba

Ranar da kawuna ya tarar da kaye ɗina buɗe bisa tabarma, na zana hanjin kare da jan bik, ya daɗe yana kallo kafin ya ce "Ɗana, duk sammakon nan da kake yi kana ƙetara gada, ashe abincin kare ake koya muku?" Na ce eh kawu, har da na mussa. Ya ce to Allah shi kyauta, ya ci gaba da jan carbinshi. Ban ga laifinshi ba don ni ma haka na ɗauki abin da fari, na ce wanga darasi kyauta ne, mi ke akwai cikin ciyar da kare in ba a zuba mishi ƙanzo da sauran miya ba. Debuwar na farko 6 na samu bisa 20. Shi ya sa nake rubuta wannan don ƙannena da za su shiga, ko a nan Yamai kake inda abin kan zo a matsayin babi cikin babban darasin cimar dabbobi, ko Allah ya ba ka tafiya makarantar likitocin dabbobi ta Dakar, abin da ke kada mutane dai ɗaya ne: suna zuwa da shirin hadda alhali darasin lissafi ne.

Abu na farko, tun kafin mushe ya shigo aji, ka fitar da saniya daga kanka. Mu ƴan Nijar duk tunaninmu na kiwo a kan shanu da tumaki da raƙuma yake, kuma in ka riga ka yi darasin masu tuƙa to kanka ya cika da tumbi mai ɗaki huɗu da harawa da dusa da UF, awon ƙarfin abincin masu tuƙa. Nan duk ba su da aiki. Kare da kyanwa ciki guda gare su, hanjinsu gajere ne, kuma da kilokalori ake auna musu ƙarfin abinci. Sannan kar ka haɗa su biyun wuri guda, wannan shi ne tarkon da malamai suka fi so. Kare haƙori 42 gare shi, kyanwa 30. Kare ya daɗe yana bin mutum yana cin ragowarshi har jikinshi ya iya narkar da sitaci dafaffe fiye da kyarkeci, wani bincike da aka buga a 2013 ya nuna haka a ƙwayoyin gadonshi. Kyanwa kuwa maciya nama ce ta dole, ko zaƙin sukari harshenta ba ya ji.

To ka ɗauki fefa guda tun satin farko ka raba shi biyu, kare hagu kyanwa dama, duk abin da aka faɗa a kur wanda ya bambanta su ka zuba nan. Za ka ga ɓangaren kyanwa ya fi cika. Tana buƙatar torin a cikin abinci, wanda a nama da kifi ake samunshi, in babu sai bayan idonta ya lalace ta makance, zuciyarta kuma ta buɗe ta yi laushi, a 1987 ne masu bincike a jami'ar Davis ta Kalifoniya suka gano alaƙar ciwon zuciyar nan da rashin torin, daga nan kamfanoni suka ƙara shi a abincin kyanwa. Ba ta iya mayar da karoten na karas zuwa bitamin A kamar yadda kare ke yi, sai ta samu na dabba. Akwai wani maiƙo, asid arashidonik, shi ma sai daga kitsen dabba. Arjinin kuwa cin abinci guda babu shi ya isa ya tara mata amoniyak a jini. In aka tambaye ka don mi ba a riƙe kyanwa da abincin kare, amsar kenan, kuma tambayar nan tana fitowa kamar rana.

Mataki na biyu kayan aiki ne kuma ba su da yawa: kalkilatiris taka ta kanka, ba ta waya ba don ba a shiga da waya sal ɗin jarrabawa, kaye biyu ɗaya na kur ɗaya na lissafi zalla, da ƴan katuna ƙanana da za ka yanka daga kwali. Ka tambayi delegen aji ko ƴan promo na gabanku tsofaffin suje tun yanzu, kar ka bari sai ana saura sati biyu lokacin da layin mai fotokopi ya kai bakin titi. Ka kuma tambayi mushe ranar farko wane teburin buƙatun cimar kare da kyanwa yake bi, don akwai uku da ake yawan ambata, na NRC na 2006 da na AAFCO duk na Amurka, sai na FEDIAF na Turai wanda ake saukewa kyauta a intanet. Lambobinsu ba su cika zama daidai da juna ba, in ka haddace na wani shi kuma yana gyara da na wani, kai ka sani.

Yanzu ga inda ake cin darasin ko a faɗi, nan zan daɗe. Lissafin ƙarfin da dabba ke buƙata tana kwance ba ta komai: 70 sau nauyinta a kilo an ɗaga shi zuwa ƙarfin 0,75. Kalmar "ɗagawa" ɗin nan ita ta ci ni. Ni a debuwar ɗina sai na ninka 16 da 0,75 na samu 12, na ninka da 70 na samu 840, na ja layi biyu ƙarƙashi ina jin daɗi. Amsar 560 ce. Kuma da yake duk tambayoyin da suka biyo baya a kan wannan lambar suke tsaye, sai duk suka rushe tare kamar katangar laka cikin ruwan Agusta.

Ga yadda ake yi ko da kalkilatiris ta ƴan tebur ce mai alamar rasin kawai. Ka ninka nauyin da kanshi sau uku, 16 sau 16 sau 16, ya ba ka 4096. Danna rasin, 64. Sake dannawa, 8. Shi kenan 8 sau 70, kilokalori 560. Gwada da kyanwa mai kilo 4: 64, sai 8, sai 2,83, sau 70 ya ba ka wajen 198. Ka yi wannan da nauyi goma dabam-dabam har yatsanka ya riƙa yi da kanshi. Daga nan sai a ninka da wata lamba gwargwadon halin dabbar. Wadda aka fi koyarwa: babban kare da ba a yi wa fiɗiya ba 1,8, wanda aka yi wa 1,6, kyanwa 1,4 ko 1,2, kwikwiyo ƙasa da wata huɗu 3, bayan nan 2 har ya gama girma. Karya mai shayarwa kuwa, wajen sati na uku zuwa na huɗu bayan haihuwa tana iya cin ninki biyu zuwa huɗu na abin da ta saba, ya danganta da yawan ɗiyanta. To karenmu mai kilo 16 da ba a taɓa shi ba, 560 sau 1,8, kilokalori 1008 a yini. Riƙe lambar nan za mu dawo mata. Wasu malaman da suka yi karatu a Faransa suna da nasu tsarin na jera lambobin ninkawa, na jinsi da na zirga-zirga da na shekaru, hanya ce dabam amma gida ɗaya take zuwa, ka bi ta mai gyara takardarka.

Lissafi na biyu shi ne karanta etiket. Nan ina ba ka shawara ka tashi ka je babban kanti cikin gari inda ake sayar da kuroket, busasshen abincin kare da kyanwa na buhu, ba sai ka saya ba, buhun nan ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, ka gaida mai kanti da ladabi ka nemi izini ka ɗauki hoton bayan buhu uku ko huɗu da gwangwanin pate, jiƙaƙƙen abincinsu, guda biyu. Waɗannan hotunan sun fi maka motsa kai goma na littafi. A bayan buhu za ka ga furotin da maiƙo da selilos da toka da danshi, amma sitacin ba a cika rubuta shi ba, kai za ka fitar da shi: ka tara biyar ɗin nan ka cire daga 100. A ce furotin 24, maiƙo 12, selilos 3, toka 7, danshi 10, jimla 56, saura 44. Sai ka ninka furotin da 3,5, maiƙo da 8,5, saura ɗin nan da 3,5. Kula fa, ba 4 da 9 da 4 ɗin da aka koya mana a lise don abincin mutane ba, an rage su ne don abincin buhu bai kai namu narkewa ba. 84 da 102 da 154, kilokalori 340 a kowane garam 100. Raba 1008 da 340 ka ninka da 100, garam 296 ya fito. Abincin karenmu na yini guda kenan.

Sai tarkon busasshen abu. Gwangwanin pate an rubuta furotin 8, buhun kuroket an rubuta 24, wane ya fi? Duk wanda ya yi gaggawa zai ce buhu. Amma pate kashi 80 ruwa ne, busasshenshi 20 kawai, 8 cikin 20 kashi 40 kenan. Kuroket busasshenshi 90, 24 cikin 90 bai kai 27 ba. Kamar ka kwatanta ɗanyen nama ne da kilishi, sai ka cire ruwan kafin ka san gaskiya. Duk lambar da aka ba ka a suje, kafin ka taɓa ta ka tambayi kanka da ruwanta take ko babu. Teburin AAFCO ma a bisa busasshe yake: furotin aƙalla kashi 18 ga babban kare, 22,5 ga mai girma, kyanwa 26 da 30.

Wani ɗan abu da zai taimake ka a labo, in an samu kai ku. Furotin ɗin da ke etiket ba furotin aka auna kai tsaye ba, azot aka auna da hanyar Kjeldahl, wadda ake amfani da ita tun 1883, sai a ninka da 6,25. To duk abin da ke ɗauke da azot zai fito kamar furotin ko da guba ne. Abin da ya faru kenan a 2007 a Amurka, aka sa melamin cikin garin alkamar da aka shigo da shi daga Sin don awo ya nuna furotin da yawa, karnuka da kyanwoyi suka riƙa mutuwa da ciwon ƙoda, aka janye abinci daga kasuwa birjik. In ka riƙe labarin nan ba za ka taɓa manta daga ina 6,25 ta fito ba, kuma ba za ka yarda da lamba don kawai an buga ta a buhu ba.

Mataki na gaba shi ne tsarin yini, kuma ba wani abu mai wuya ba ne sai dai naci. Bayan sallar asuba kafin gari ya ɗau zafi, minti talatin, lissafi biyu, ɗaya na kare ɗaya na kyanwa, kullum har Lahadi. Kar ka karanta amsar da aka riga aka yi kana gyaɗa kai, wannan yaudarar kai ce, rufe ta ka yi da hannunka. Da dare kuma minti ashirin ka sake duba kur ɗin ranar, duk abin da ka kasa faɗa ba tare da ka leƙa kaye ba ka rubuta shi a kati, tambaya gaba amsa baya. Katunan nan su za su cece ka cikin faba-faba da kuma daren da aka ɗauke wuta waya ta mutu. Watannin Afrilu da Mayu in zafi ya haura 40 kar ka yi wa kanka alkawarin karatun rana, ƙarya ne, barci za ka yi bisa fefa.

Ku haɗa rukuni amma kar ku wuce huɗu, in kun kai shida ya zama fada, mai shayi ya samu aiki lissafi ya kwanta. Abin da ya yi mana amfani shi ne kowa ya zo da dabbarshi ta ƙirƙira, "karya mai kilo 20, ɗiya shida, sati uku da haihuwa, ga etiket", a musanya, kowa ya yi na wani a kuma gyara wa juna babu kunya. Sannan mu ce wa mutum to yanzu bayyana mana da Hausa ko da Zabarmanci, babu Faransanci ko kalma guda. Wallahi nan ake gane wanda ya fahimta. Wata ƴar ajinmu ta iya rera dogon sunan wani ciwon ƙashi na rashin kalsiyum tiryan-tiryan, da aka ce ta faɗa yadda za ta gaya wa kakarta sai ta tsaya tana dariya. Bayan kwana biyu ta dawo ta ce jiki ne ke satar kalsiyum daga ƙashi don ya biya bashin jini. Har yau da wannan jimlar nake tuna shi.

Ciwon nan kuwa na gan shi da idona, shi ya sa nake cewa mataki na biyar ka nemi dabba ta gaske. Wani maƙwabcinmu ya samo kwikwiyo don gadin gida, yana ji da shi sosai, kullum sai ya aika wajen mahauci a sayo tsoka zalla, babu ƙashi babu komai, a ganinshi gata ne. Wata uku kwikwiyon ya fara ɗingishi, ƙafafun gaba suka lanƙwashe, in ka ɗaga shi sai ya yi kuka. Ya kira ni ya ce "ƙanena kai da kake karatun abin nan, zo ka duba mini, ko jifa aka yi mishi?" Na ce yaya ba jifa ba ne, mi yake ci? Nama akwai fosfor da yawa kalsiyum kuwa kaɗan ƙwarai, alhali abin da ake so kalsiyum ya yi daidai da fosfor ko ya ɗara shi, kar dai ya wuce ninki biyu. Muka kai shi wajen likitan dabbobi aka gyara mishi cima. Wannan babin ban sake buɗe shi ba har jarrabawa kuma shi na fi ci.

Ka nemi kare guda ko biyu da za ka riƙa bi duk samistar, na maigadi, na maƙwabci, na mafarauci in ka san wani, da izinin mai shi kuma wanda aka yi wa allurar haukan kare, wannan ba wasa ba ne a ƙasar nan. In ana ƙyamar taɓa kare a gidanku, wanke hannu dai ka san hukuncinshi, kuma mun taso muna jin hadisin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa da na matar da ta kulle kyanwa ta hana ta abinci. Auna shi duk sati biyu: ka hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa riƙe da shi, ka cire. Sannan ka koyi awon jiki na maki 9, inda 4 zuwa 5 shi ne daidai ga kare, hotunan suna nan kyauta a shafin WSAVA, ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya. Da tafin hannu ake yi ba da ido kawai ba, ka shafa haƙarƙari, in kana jin su ba tare da ka danna ba kuma in ka duba daga sama akwai ƙugu, to lafiya. Kowane maki sama da 5 kamar kashi 10 ne na nauyin da ya yi yawa. Za a ba ku labarin karnukan Labrador 48 da aka bi tsawon rayuwarsu, sakamakon ya fito a 2002, waɗanda aka rage wa abinci da kashi ɗaya cikin huɗu sun fi ƴan uwansu daɗewa da kusan shekara biyu.

Amma fa hotunan nan da karnukan Turawa aka yi su. Ƴan Tawa sun san karen Azawak na Buzaye da ke arewacinsu, dogo siriri, haƙarƙarinshi da ƙashin ƙugunshi a bayyane suke ko da yana cikin ƙoshin lafiya, haka Allah ya yi shi. Ka ɗora mishi hoton littafi kai tsaye sai ka ce yunwa ce ka fara ɗura mishi abinci. Kuma yawancin karnukan da za ka gani a unguwa matsalarsu ba ƙiba ba ce, rama ce da tsutsar ciki da rashin furotin, ƙibar sai a gidajen masu hali da na baƙi. Ka karanta babin ƙiba da kyau don jarrabawa, ka kuma san wanda zai fi zo maka a aiki.

Daga nan sai haɗa abinci na gida, wanda a ganina shi ne zuciyar darasin ga ɗan Nijar duk da ba shi ake ba lokaci mai yawa ba. Mutum nawa za su iya sayen buhu duk wata? Gwada wannan lissafin ka gani: dafaffiyar shinkafa tana da wajen kilokalori 130 a garam 100, karenmu na 1008 zai buƙaci kusan garam 775 in ita kaɗai zai ci. Cikinshi ya cika, ƙarfi ya samu, amma furotin ɗin da ke ciki bai fi garam 21 ba, alhali teburin AAFCO garam 45 yake nema a kowane kilokalori 1000 ga babban kare. Ko rabi bai kai ba. Ka ga dalilin da kare ke cin tuwo kullum amma gashinshi na zuba yana ramewa ta baya. To jerin aikin shi ne ka fara fitar da ƙarfin da ake buƙata, ka cika furotin da abin da ake samu a abatuwa ko wajen mahauci, tumbi, huhu, zuciya, kan kaji, ƙwai, kifi dafaffe, sannan ka cike sauran da shinkafa ko tuwon hatsi ko na masara da ya dahu lugub, ɗan mai, daga ƙarshe kalsiyum da bitamin. Ɓawon ƙwai da aka wanke aka busar aka daka ya yi laushi kusan kashi 40 ɗinshi kalsiyum ne, ɓawo guda yana ba da wajen garam 2, babban kare kuma garam 1,25 yake buƙata a kilokalori 1000. Sai dai kar ka ce tunda yana da arha bari in zuba da yawa, kwikwiyon babban jinsi in kalsiyum ya yi mishi yawa gaɓoɓinshi ne ke lalacewa. Hanta ma kaɗan-kaɗan, kyanwar da aka riƙe da hanta kullum bitamin A na taruwa har ƙashin wuyanta ya ƙage.

Babin abin da ba a ba su kar ka haddace shi yadda yake a littafi, ka shiga madafar gidanku da shi. Littafi zai ce cakulan da inabi da zabibi da wani zaƙin cingam mai suna zilitol. Duk gaskiya ne ka riƙe su. Amma a nan mai laifi na farko albasa ce da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe suna fasa jajayen ƙwayoyin jini, kyanwa ta fi kare saurin kamuwa, kuma nuna mini miyar da ake yi a ƙasar albasar Galmi babu albasa. Sauran miyar da ake juye wa kare kullum kenan. Goro akwai kafeyin da teyobromin, irin gubar da ke cikin cakulan ɗin. Dafaffen ƙashi na kaza yana tsagewa ya soki hanji. Madarar da muke ganin gata ce ga kyanwa, da yawansu in sun girma zawo take sa su. Tsohuwar masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna akwai aflatoksin mai cin hanta, buhun kuroket kuma in an buɗe an bar shi cikin zafinmu maiƙon ciki yana yin ɗoyi. Ruwa dai wajen mililita 50 zuwa 60 kowane kilo a yini, da bazara ya fi haka nesa, a inuwa kuma ba a yanke shi. Ka kuma sa wa wannan jan layi: kyanwa, balle mai ƙiba, in ta yi ƴan kwanaki ba ta ci ba kitse na taruwa a hantarta, ba a yi mata "yunwa za ta koya mata hankali".

Cimar marasa lafiya, ƙoda da suga da tsakuwar mafitsara, yawanci ƙarshen samista take zuwa a guje. Kar ka firgita, kowane ciwo ka tambayi abu uku, mi za a rage, mi za a ƙara, don mi. Ciwon ƙoda fosfor ake fara ragewa. Layi uku-uku a kati sun isa.

Ana saura sati biyu ka daina karanta sabon abu, ka zauna da tsofaffin suje da agogo a gabanka kamar a sal kake. Ranar jarrabawa ka karanta tambaya sau biyu ka ja layi ƙarƙashin nauyi, shekaru, an yi fiɗiya ko ba a yi ba, da ruwa ko busasshe. Rubuta ƙa'idar lissafin kafin ka sa lambobi, kowane mataki a layinshi, don ko ka kuskure a ƙarshe mai gyara ya ga hanyarka ya ba ka rabin maki, ni a debuwar ɗin nan lamba kawai na rubuta shi ya sa babu abin da aka tsinta mini. Kar ka bar lamba tsirara, sa mata kilokalori ko garam. In ka gama ka dubi amsar da hankalin ɗan unguwa, in ta ce kare mai kilo 16 zai ci kilo 3 na kuroket a yini to wani wuri waƙafi ya zame, koma.

Tambayar ƙarshe sau da yawa ita ce wace shawara za ka ba mai dabba, kuma nan ɗalibai ke zuba duk abin da suka haddace. Rubuta abin da mutum zai iya yi a gidanshi. Sabon abinci a shigo da shi a hankali cikin kwana bakwai ana gauraya shi da tsohon, ana ƙara wannan ana rage wancan. Garam 296 ɗin nan kuma Hajiya ba ta da sikeli a madafa, kai za ka auna sau guda, ka yanke gorar ruwa ta roba ka zuba ka ja layi da maka a inda ya tsaya, ka ce mata rabin wannan da safe rabi da marece, yara kar su ƙara mishi daga kwanonsu, bayan sati biyu a sake ɗora shi bisa sikeli, in ya hau ko ya sauka a matsar da layin kaɗan.